Masu Gane Ciwon Kuloci a Garejin Kafanchan

Jirgin ƙasa ne ya raya Kafanchan tun da layukan dogo suka haɗu a nan a 1927, amma yau mota ce ke ɗauke da garin. Cittar Kwoi da Kachia, fasinjan Jos da Kaduna, duk a kan tsofaffin motoci suke tafiya: Golf, Sharon, da ragowar Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. In aka labta wa irin wannan mota buhuna, ta kama Hawan Kibo, kuloci ne ke fara jin jiki.

Direba ya shigo gareji, abin da zai ce bai wuce "Oga, mota ba ta ja" ba. A nan ake gane gwani. Ba ya kiran yara su sauke giyabos. Shiga yake yi ya zauna, ya ja birkin hannu, ya sa giya ta uku, ya ɗan taka totur, sannan ya riƙa ɗaga ƙafa a hankali. In injin ya mutu nan take, farantin kuloci na da sauran rai. In kuwa injin ya ci gaba da kuka mota na tsaye, ga wani ƙauri na tasowa ta ƙarƙashi, to faranti ya cinye, yana sulɓewa.

Wani lokacin kuma giya ce ke ƙin shiga, tana gurnani, musamman ribas. Sai ya kashe injin ya sake gwadawa. Ta shiga sumul? To giyabos ba shi da laifi, kuloci ne ba ya saki. A 504 sai ya buɗe bonet ya duba man birkin da ke tura kulocin, ya shafa yatsa a ƙarƙashin masta ko tana yoyo, ko iska ce ta shiga layi. A yawancin tsofaffin Golf, kebur zai duba. Gyaran rabin awa ke nan, wanda mai gaggawa zai mayar da shi aikin yini guda, ya bar direba da bashi, alhali daga wannan motar ake ciyar da gida. Wannan ne ke ƙona mini rai, domin ba kowane direba ya san bambancin ba.

Sauran aikin na kunne ne. Ƙarar da ke zuwa sai an taka kuloci, ta ɗauke in an saki, ta biyarin ce. Karkarwa wurin tashi kan nuna man injin ya zubo wa faranti, ko robar da injin ke zaune a kai ta tsage.

In babu makawa sai an sauke giyabos, gwanin kan matsa a canza faranti da abin da ke matse shi da biyarin a lokaci guda, ko sabo ko na Beljiyam, don kada a biya kuɗin aiki sau biyu. Kafin ya miƙa makulli yakan leƙa fedar. In robar gefen hagu ta cinye har ƙarfe ya fito, sai ya ce wa direba, "Maigida, ka riƙa sauke ƙafarka in kana tafiya. A kan tudu kuma ka riƙe mota da birki, ba da kuloci ba."