Ɗan Aike Ɗaya, Saƙo Biyu: Yadda Kwamfuta Ke Dawo Da Amsa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa raba goro 100 ga mutum 7 ya san amsa biyu ce ke fitowa: kowa ya sami 14, saura 2. Kwamfuta ma haka take. Ƙwaƙwalwar Intel, in an umarce ta da rabawa, takan ajiye rabon a wani ɗan aljihunta mai suna RAX, ragowar kuwa a RDX, duka a lokaci guda. Waɗannan aljihuna, watau rajista, su ne wuri mafi sauri a na'urar.

Wahalar tana ga harshen da ake rubuta umarni da shi. Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a Bell Labs ta Amurka wajen 1972, ya yanka cewa kowane yankin aiki abu ɗaya tak zai dawo da shi. Ɗan aike ne mai hannu ɗaya. To, yaya zai kawo rabo da ragowa tare?

Tsohuwar dabara ita ce mai aike ya ba shi adireshin wani wuri a ma'ajiyar na'ura, ya ce a sauke amsa ta biyu can. Tana biyan bukata, amma zuwa ma'ajiya ya fi sa hannu a aljihu jinkiri, in kuma adireshin ya kuskure, amsar sai ta danne kayan wani, aiki ya ɓaci ba a san daga ina ba.

Wadda ta fi ita ce a ƙulle amsoshin a ƙunshi ɗaya. Haka aikin div na ƙa'idar C ta 1989 yake yi. A Linux, kan ƙwaƙwalwa irin ta Intel mai bit 64, ƙunshin lambobi da bai wuce bayit 16 ba yakan dawo ta RAX da RDX, ko kusa da ma'ajiya bai je ba. In ya wuce, sai a koma ga adireshi a ɓoye. Windows ta fi rowa, bayit 8 ne iyakarta.

Harshen Go, da Google ta fitar a 2009, ya halatta dawo da amsa da yawa tun farko, amma ta ma'ajiya yake bi da su. Sai a 2021, a fitowa ta 1.17, ya koma ga rajista, masu shi suka ce saurin aiki ya ƙaru da wajen kashi 5 cikin 100.