Shagon Naka Ne, Amma Ƙasar ta Wace Ce?

A watan Yunin 2023 motocin rusau suka shiga filin Idi na Ƙofar Mata a Kano, suka kwantar da shagunan da 'yan kasuwa suka zuba wa dukiya. Masu shagunan suka garzaya Babbar Kotun Tarayya, wadda a watan Satumba ta umarci gwamnatin jiha ta biya su diyyar naira biliyan 30. Daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Abin da ya kai su gaban alƙali da ƙarfin gwiwa shi ne takardun da ke hannunsu, kuma a nan ne yawancin 'yan kasuwarmu suke sakaci.

Tun 1978, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Attajirin da ya gina bene mai shaguna ɗari a Kantin Kwari bai mallaki ƙasar har abada ba. Abin da yake da shi izinin zama ne na wasu shekaru, wanda ba ya wuce 99 a bisa al'ada, kuma satifiket ɗin da ya adana a akwati shaidar wannan izini ce. Yana biyan kuɗin ƙasa duk shekara. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke izinin idan buƙatar jama'a ta taso, kamar hanya ko asibiti, sai a biya diyyar gini da sauran abin da aka kashe a kan filin. Tsurar ƙasar kuwa ba a biyan kuɗinta.

Sashen da ya fi cin mutane shi ne na 22. Mai satifiket ba zai sayar, ko ya jinginar, ko ya ba da filin haya ta dogon zango ba sai da amincewar gwamna. Shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1989, ita ce lauyoyi suke kafa hujja da ita har gobe. An jinginar wa bankin wani gida a Legas, bashi ya gagara biya, banki ya tashi sayar da gidan, sai kotu ta ce jinginar ba ta inganta ba domin ba a nemi amincewar gwamna ba. Idan banki da tarin lauyoyinsa zai faɗa wannan rami, ina ga mai sayar da atamfa da ya sayi shago da takarda guda mai sa hannun shaidu biyu? Kafin a biya ko sisi, ya kamata a je ofishin rajistar filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, a duba sunan da ke kan fayil da ko akwai jingina a kansa.

Rumfar kasuwar gwamnati kuma wani babi ne daban. Takardar da hukumar kasuwa ke bayarwa ta rabon rumfa ce, ba satifiket ba, ko da an yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu.

Shi ma ɗan haya yana da haƙƙin da sau da yawa bai san da shi ba. A Abuja da Legas da jihohi da dama, mai biyan haya shekara-shekara yana da notis na wata shida, mai biya wata-wata yana da wata guda, sannan a ƙara masa kwana bakwai kafin a kai shi kotu. Mai gida ba shi da hurumin ɓalle kwaɗo ko cire kwanon rufi. Sai dai yarjejeniyar da aka sa wa hannu tana iya rage wannan wa'adi, kuma kotu abin da aka rubuta take bi. Hayar da ta haura shekara uku ana so a yi ta da cikakkiyar takardar lauya, a biya harajin kan sarki, a yi mata rajista.

Kuɗin haya ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Akwai la'adar dillali da kuɗin lauya, waɗanda a wurare da yawa kowannensu kan kai kashi 10 cikin ɗari, ga kuɗin gadi da shara da man janareta. Wanda ya kashe miliyoyi wajen sa tayil da kantoci a shagon hayar shekara ɗaya ya gyara wa mai gida ne, sai fa in an rubuta cewa zai iya sabunta hayar, da kuma iyakar ƙarin da za a yi masa.

Gobarar kasuwar Sabon Gari da ke Kano ta watan Maris 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, ta tono wata tambayar da ba a cika rubuta amsarta ba: wa zai sake gini, kuma ina makomar kuɗin da aka biya na watannin da suka rage? A fiƙihun Malikiyya haya tana warwarewa idan abin hayar ya halaka, a mayar da kuɗin sauran lokacin. A kotun boko kuwa alƙali zai fara duba abin da takarda ta ce ne. Inshorar mai gida, idan ma yana da ita, ginin ta shafa. Kayan da ke kan kanta sai ɗan haya ya yi musu tasa, kuma ga mai gudun inshorar da aka saba da ita akwai kamfanonin takaful masu lasisi a Najeriya.