'Yan Kasuwar Kan Iyaka Da Ƙananan Makarantu: Gini Ya Tashi, Albashin Malamai Ya Gagara

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, ko ya zaga unguwannin bayan gari a Birnin Ƙonni da Magarya, zai ga yadda ƙananan makarantu masu zaman kansu suka yawaita. Wasu lakwal ce zalla, wasu kuma madarasa ce mai haɗa Faransanci da Larabci, irin tsarin da ya faro a ƙasar nan tun 1957 da aka buɗe madarasar garin Say. Akasarinsu ba wani attajiri ne ya kafa su don neman riba ba. Za ka tarar wani malami ne ya fara da yara kaɗan a zaurensa, ko wani mushe da ya yi ritaya ya ga yaran unguwa suna gararamba, sai maƙwabta suka ce a yi rumfa, daga rumfa aka koma ɗaki, a haka har aka samu aji shida.

Wanda ya san yadda irin waɗannan makarantu suke tashi ya san cewa hannun 'yan kasuwa yana ciki tun daga tushe. Mai kantin kayan gini ya ba da siminti bashi har sai an karɓi kuɗin wata. Direban babbar mota ya zubo yashi bai karɓi ko dala ba. Kafinta ya haɗa bencina a kan kuɗin katako kawai, tela ya rage kuɗin ɗinkin kayan makaranta, 'yan ga-ruwa suka riƙa cika randa da safe. Matasa kuma suka yi gayya ranar da za a zuba dabe, kamar dai yadda dattawanmu suke ba da labarin ajujuwan da Samariya ta riƙa ginawa a zamanin Janar Seyni Kunce. Wannan abin a yaba ne, kuma babu wanda zai raina shi.

Gini kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Afrilun 2021 gobara ta tashi a ajujuwan zana na wata makaranta a Yamai, yara 20 suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar, irin wannan masifa ta auku a Maraɗi, inda aka rasa yara aƙalla 25. Tun daga lokacin duk uban da ya ga ɗansa a ƙarƙashin rumfar kara sai gabansa ya faɗi. Saboda haka wanda ya sa kuɗinsa aka yi bango da rufin kwano, ya ceci rai, Allah Ya saka masa.

To amma a shirye-shiryen da muke yi da iyaye da malamai a gidan rediyo, koken da ya fi yawan fitowa daga bakin masu riƙe da waɗannan makarantu shi ne na ƙarshen wata. Bango sau ɗaya ake gina shi, malami kuwa duk wata sai ya ci abinci, ya biya haya, ya sayi magani. Mu kuma ɗabi'armu ita ce mu fi son taimakon da ido zai gani. Ranar buɗe sabon aji za a kafa rumfuna, a kira maroƙa, a faɗi sunan Alhaji wane da abin da ya bayar. Ranar 30 ga wata, da darakta zai zauna yana juya littafin kuɗi yana tunanin wanda zai biya da wanda zai ba haƙuri, babu kowa a wurin.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa, tunda da masu lissafi muke magana. A ce makaranta tana da aji shida da malamai shida, kuma kowanne za a ba shi mafi ƙarancin albashin da doka ta yanke, wato jika 42 tun daga farkon 2024. Kuɗin malamai kaɗai ya kama jika 252 a wata. A ce kuma yara 180 ne, kowanne ana biya masa jika 2 a wata. Idan kowa ya biya, an tara jika 360, sai a ce akwai rara. Amma wace makaranta ce kowa yake biya? Da marayu, da 'ya'yan malamai, da wanda ubansa ya tafi ci-rani bai aiko ba, da wanda ya ce a jira shi ya sayar da wake. Idan kashi ɗaya cikin uku bai biya ba, abin da ya shigo jika 240 ne, bai ma kai albashi ba, balle alli da rajista da mai gadi da kuɗin ruwa. Abin da ke biyo baya kowa ya sani: malamin da ya fi ƙwarewa shi ne yake fara tafiya, ya koma wata babbar makaranta a birni ko ya kama kabu-kabu, a maye gurbinsa da yaron da bai daɗe da fita kwaleji ba.

A kan iyaka abin ya fi tsanani, domin aljihun iyaye a ɗaure yake da hanya. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, sai a Disamban 2020 aka fara buɗe wasu, ciki har da ta Illela da ta Maigatari. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. A duk tsawon waɗannan watanni, dillali da ɗan dako da mai abinci a tasha da ɗan canji, waɗanda su ne iyayen yaran, sun zauna hannu rabbana. Ga kuma faɗuwar naira tun daga tsakiyar 2023, har jika guda ta sefa ta haura naira 2,000. Wanda cinikinsa da naira yake, amma kuɗin makaranta da sefa ake karɓa, shi ya san yadda ya ji. Da aka ce za a numfasa, sai ambaliyar daminar 2024 ta zo, wadda ta yi wa jahar Maraɗi ɓarna mai yawa, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Makarantar gwamnati ko an rufe hanya malaminta yana sa ran albashi daga baitulmali. Ƙaramar makaranta mai zaman kanta kuwa, ranar da kasuwa ta mutu, ranar take fara jin jiki.

'Yan uwanmu na zango a ƙasar Gana sun samu wata mafita tun 1987, da aka kafa sashen kula da makarantun Islamiyya a cikin hukumar ilimi ta ƙasar: jama'a su gina, gwamnati ta turo malaman boko ta biya su. Mu a nan makaranta mai zaman kanta ita ke ɗaukar nauyin malamanta, don haka dole a nemi dabara a cikin gida.

Dabarar kuwa ba baƙuwa ba ce a kasuwa, adashi ne. A ce 'yan kasuwa 50 sun amince kowanne zai riƙa ajiye dala ɗari a mako, ranar da kasuwarsu take ci. A mako an tara jika 25, a wata jika 100, albashin malamai biyu ke nan har da canji. Dala ɗari ba ta kai abin da wasunmu suke kashewa a wurin mai shayi ba. Ƙungiyoyin sana'a suna nan a tsaye, na 'yan hatsi, da mahauta, da 'yan canji, da direbobi, kowacce da shugabanta da ma'ajinta, kuma sun saba tara kuɗi idan ɗayansu ya yi gobara ko aka riƙe masa kaya. Abin da ya rage shi ne a mai da makarantar unguwa ɗaya daga cikin hidimomin da ake tarawa dominsu, kuma a tara lokacin da hanya take buɗe, don a samu abin taɓawa ranar da ta rufe.

Akwai kuma hanyar da ta fi adashi daɗewa, wato wakafi. Maimakon mai hali ya ba da kuɗi dunƙule a kashe a wata guda, sai ya ware shago ɗaya daga cikin shagunansa, ko injin niƙa, ya ce kuɗin hayarsa na makaranta ne har abada. Game da zakka kuwa, malamanmu na Malikiyya ba su yarda a yi gini da ita ba, amma matalaucin da aka ba shi haƙƙinsa yana iya biya wa ɗansa karatu da shi. Wanda yake da niyya sai ya tambayi malamin da ya amince da shi kafin ya fitar.

Sai dai akwai tambayar da 'yan kasuwa suke yi, kuma suna da gaskiya: makarantar nan ta mutum ɗaya ce, don me za mu tara kuɗi mu zuba a kasuwancin wani? Amsar tana wurin masu makarantun. Wanda yake son jama'a su ɗauki makarantarsa tamkar tasu, sai ya buɗe musu littafi. A kafa kwamiti mai wakilin iyaye maza, da na iyaye mata, da na 'yan kasuwa, a riƙa karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa duk bayan wata uku. Kuɗin da aka tara don albashi ya tafi hannun malamai kai tsaye, da sa hannunsu. A kuma yanke adadin marayu da 'ya'yan marasa hali da za su yi karatu kyauta a madadin taimakon. Mai makarantar da ya ƙi wannan sharaɗi, a gaskiya bai cancanci dala ɗarin kowa ba. Haka shi ma mai bayarwa ya san iyakarsa; don ka ba da siminti ba shi ne za ka sa a ɗauki ƙanenka aikin koyarwa ba, ko ka hana a maimaita wa ɗanka aji.

Batun takarda ma kada a yi wasa da shi. Sau da yawa fili da baki ake bayar da shi, mai kyautar yana rasuwa magada su ce ba su san zance ba, kuma a shari'a da wuya a kayar da su. Duk filin da aka ba makaranta, ko shagon da aka yi wakafi, a rubuta a gaban mai gari da shaidu, a kai ma'aikatar magajin gari a buga hatimi. Kafin a zuba kuɗi kuma a nemi ganin takardar izinin buɗewa daga ma'aikatar ilimi, domin makarantar da ba ta da izini tana iya jawo wa yara matsala ranar da za su wuce gaba.

Wani taimakon ma ba ya buƙatar ko tamma. Malamai suna kukan cewa ranar da kasuwa take ci ajujuwa sukan zama rabi, an kwashe maza zuwa tsaron rumfa, 'yan mata an ɗora musu talla. Kwana ɗaya a kowane mako, a shekarar karatu mai wata tara, ya haura kwana 30 da yaro ya rasa, kuma uban da ya biya kuɗin wata shi ne ya janye shi da hannunsa.

Ga masu niyyar farawa, wurin da ya fi ciwo shi ne babban hutu. Daga Yuli zuwa Satumba ba a karɓar kuɗin makaranta, kuma da yawa daga cikin ƙananan makarantu ba sa biyan malamai a watannin nan uku, alhali lokacin ne hatsi ya fi tsada, rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin damina yana kwantar da yara. A lokacin ne malami yake yanke shawarar ko zai dawo a watan Oktoba ko ba zai dawo ba. A lissafin da muka yi a sama, rabin albashin malamai shida na wata uku jika 378 ne, abin da adashin mutum 50 zai tara cikin mako 16.