Ido ma yana numfashi: abin da masu sanya tabarau na manne ya kamata su sani

Ma'aikacin da ya baro Kubwa ko Mararaba tun da asuba domin ya isa sakatariyar tarayya a kan lokaci, ba mamaki barci ya ɗauke shi a mota yayin da ake cunkoso. Idan yana sanye da tabarau na manne, wato ɗan gilashin nan da ake ɗorawa kai tsaye a kan ƙwayar ido, to a wannan lokaci idonsa na fama da ƙarancin iska ba tare da ya sani ba.

Dalili kuwa shi ne, fatar nan mai sheƙi da ke gaban baƙin ido, wadda likitoci ke kira koniya, ba ta da jijiyoyin jini. Iskar oksijin da take bukata tana narkewa ne a cikin hawaye, sannan ta ratsa ciki. Idan aka rufe ido, abin da take samu daga jijiyoyin bayan fatar ido bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da take samu a buɗe ba. Shi ya sa ko ba tabarau, koniya kan ɗan kumbura da kimanin kashi 4 cikin 100 a barcin dare, ta sace bayan an farka. Tabarau na manne wani shinge ne da aka ƙara a tsakaninta da iska.

Masu ƙera shi sun daɗe suna kokawa da wannan matsala. Na roba mai tauri da aka yi yayi tun shekarun 1940 ba ya barin iska ta ratsa ko kaɗan. A 1961, masanin sinadarai ɗan ƙasar Cek, Otto Wichterle, ya haɗa na farko mai laushi, wanda ke isar da oksijin ta hanyar ruwan da ke jikinsa. Babban sauyi ya zo a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da aka fito da samfurin silikon haidirojel, wanda iskar da yake bari ta wuce ta ninka ta tsohon samfuri sau da yawa.

Ana auna wannan da lambar Dk/t, wadda ke haɗa yadda sinadarin ke barin iska ta ratsa da kuma kaurin tabarau. A 1984, Holden da Mertz sun nuna cewa ana bukatar kimanin 24 domin sanyawa da rana, da 87 domin kwana da shi. A 1999, Harvitt da Bonanno suka ɗaga mizanin zuwa 35 da 125. Sai dai lambar da kamfani ke bayarwa galibi ta tsakiyar tabarau mai matsakaicin ƙarfi ce. Wanda ke bukatar mai ƙarfi sosai, nasa ya fi kauri, iskar da ke isa idonsa kuma ta fi ƙaranci.

Lamarin ya fi sarƙaƙiya ga babban tabarau da ke zama a kan farin ido, wanda ake ba masu cutar keratokonas, inda koniya ke sirancewa ta yi tsini. Wannan ba ya taɓa koniya. Ruwan gishiri ne ke cike gurbin da ke tsakaninsu, kuma dole iska ta ratsa tabarau ta ratsa ruwan. Don haka ne Michaud da abokan aikinsa suka ba da shawara a 2012 cewa a zaɓi sinadari mai Dk sama da 150, kada kaurin tabarau ya wuce maikiron 250, kada zurfin ruwan ya wuce maikiron 200. Daidaita wannan aikin ƙwararre ne, ba na mai shago ba.

Alamomin ƙarancin iska sun haɗa da dishi-dishi bayan an cire tabarau, ganin zobe kewaye da fitilun mota da dare, da ja a gefen baƙin ido. Idan aka yi sakaci, ƙananan jijiyoyin jini kan fara kutsawa cikin koniya, su dusashe ta.

Abin yi a bayyane yake. A tambayi mai duba ido lambar Dk/t ta tabarau, a kuma tabbatar yana da rajista da hukumar ODORBN. A cire tabarau kafin kowane barci, ko da na ƙailula ne, domin hukumar CDC ta Amurka ta ce kwana da shi na ninka haɗarin kamuwa da ƙwayoyin cuta sau shida zuwa takwas. A riƙa ƙifta ido a gaban kwamfuta, musamman lokacin hunturu da cikin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, inda hawaye ke saurin bushewa. A guji masu launi da ake sayarwa a kasuwa ba tare da gwaji ba, kada kuma ruwan famfo ya taɓa tabarau. A ajiye tabarau na firam a jaka domin ido ya huta da yamma.

Duk wanda ya ji zafi, ko ido ya yi ja, ko gani ya ragu, ya cire nan take, ya ga likitan ido a ranar.