Ramboshi: Babban Kifin Gulbi da Rayuwarsa Ta Rataya a Kan Ambaliya

Cikin kifayen da masunta ke fitarwa daga Kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi, kaɗan ne suka kai ramboshi girma da daraja a kasuwa, amma duk da haka masu saye da yawa ba sa rarrabe shi da tarwaɗa, suna ɗauka tarwaɗa ce da ta daɗe a ruwa har ta ƙasaita. Gaskiya ne danginsu ɗaya, wanda masana ke kira Clariidae, wato kifaye masu santsin fata da gashin baki waɗanda ke iya shaƙar iska, sai dai jinsinsu ya bambanta. Tarwaɗa tana cikin jinsin Clarias, shi kuwa ramboshi yana cikin Heterobranchus, sunan da masanin dabbobi Bafaranshe Geoffroy Saint-Hilaire ya raɗa masa a 1809, bayan ya nazarci kifayen Kogin Nilu sa'ad da ya bi rundunar Napoleon zuwa Masar a 1798.

Bayan kifin ne ke raba gardama. Tarwaɗa fiffike guda gare ta, dogo, wanda ya taso daga bayan kai ya miƙe har kusa da wutsiya, alhali ramboshi biyu gare shi: na gaba mai siraran ƙasusuwa da ke buɗewa suna rufewa, sa'annan na baya mai kauri, wanda tsoka ce da kitse, yana kuma kaiwa har gindin wutsiya. Kansa faffaɗa ne mai tauri, idanunsa ƙanana, bakinsa kuma kewaye yake da gashi takwas, waɗanda da su yake shafa yana ɗanɗana abin da ke gabansa cikin ruwan da ya gurɓace ko cikin duhun dare, lokacin da ya fi fita neman abinci. Ba shi da tsangwamar abinci, domin yana ƙarami ƙwari da tsutsotsin ruwa yake ci, in ya girma sai ya koma kan kifaye da kwaɗi da kaguwa da 'ya'yan itace da mushe.

Abin da ya fi ban mamaki a halittarsa yana ɓoye cikin kai. A saman jajayen sassan nan da kifi ke tace iskar oksijin daga ruwa da su, akwai wani kogo mai ɗauke da nama mai rassa kamar ƙaramar bishiya, cike da jijiyoyin jini, wanda ke karɓar iska kai tsaye duk lokacin da kifin ya taso saman ruwa ya haɗiye ta. Wannan baiwa ce ke sa ya rayu a tafkin da ya ja baya da rani, inda zafi da ruɓaɓɓen ganye suka cinye iskar ruwan har sauran kifaye suka mutu, ita ce kuma ke sa ya daɗe da rai a cikin kwalekwale ko bahon 'yan kasuwa matuƙar fatarsa ba ta bushe ba.

Bitar da masana suka yi wa jinsin a 1990 ta tabbatar da nau'i huɗu, dukkansu a Afirka. Wanda aka fi sani a ƙasashen Hausa shi ne Heterobranchus bidorsalis, mazaunin Nilu da Chadi da Kwara da Binuwai da Bolta da Sanagal da Gambiya, wanda kan kai tsawon mita 1.5 da nauyin kilo 30, fiffikensa na gaba kuma dogo ne, mai ƙasusuwa wajen 40 ko fiye. Na biyu, Heterobranchus longifilis, ya fi shi faɗin ƙasa da nauyi, domin ana samunsa tun daga Afirka ta Yamma har Kogin Kwango da Tafkin Tanganyika da Kogin Zambezi, inda mutanen can ke kiransa vundu, kuma an kama wanda ya kai kilo 55. Fiffikensa na gaba gajere ne, mai ƙasusuwa 26 zuwa 35, na kitsen kuwa dogo, sau da yawa da baƙi a ƙarshensa. Sauran biyun ƙanana ne: isopterus yana cikin kogunan dazuzzukan gaɓar Afirka ta Yamma, boulengeri kuma ya taƙaita a yankin Tafkin Mweru, tsakanin Zambiya da Kwango.

Hayayyafar ramboshi ba ta yiwuwa yadda ya kamata sai da ambaliya. Idan damina ta kankama gulbi ya cika ya tumbatsa, manyan kifayen sukan bar zurfi su bi ruwa zuwa fadamu, inda mace ke zuba dubban ƙwai masu danƙo a kan ciyawar da ruwa ya shanye, su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu, 'ya'yan kuma su sami abinci da mafaka kafin ruwa ya janye. Saboda haka duk abin da ya rage ambaliya ya rage kifin. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta sauya cikar Kwara a ƙasanta, madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992 sun rage ruwan da ke malala dausayin Haɗeja da Nguru, Tafkin Chadi kuwa, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya ƙanƙance ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. Madatsun sun kawo lantarki da noman rani, babu mai musun haka, amma masunci ne ya biya wani kaso na farashin, kuma ba kasafai ake sa shi cikin lissafi ba. Sai ga taru mai ƙananan idanu da kamun iyaye a daidai lokacin zuba ƙwai, waɗanda suka ƙara tsananta lamarin.

A gonakin kiwon kifi an gano cewa ramboshi ya fi tarwaɗa saurin girma, ita kuwa ta fi shi saurin balaga da sauƙin ba da ƙwai, don haka tun shekarun 1980 aka fara haɗa su, galibi ta hanyar zuba maniyyin namijin ramboshi a kan ƙwan tarwaɗa da aka tatsa bayan an yi mata allura. Wannan ruwa-biyu, da ake kira Heteroclarias, ya bazu a Nijeriya, ƙasar da ta fi kowace a duniya noman tarwaɗar Afirka, kuma cibiyar binciken kifi ta tarayya da ke Sabuwar Bussa tana cikin wuraren da suka yi aiki a kansa. Ribarsa a fili take, amma akwai haɗari a tattare da shi, domin an tabbatar cewa ruwa-biyun ba duka ne bakarare ba, wanda ke nufin idan ambaliya ta fasa kududdufin gona ta kwashe su zuwa gulbi, suna iya cakuɗa da na daji har asalin irin ya gurɓata, manomin da ke neman tsantsar namijin ramboshi kuma ya rasa inda zai same shi.

Ya wajaba hukumomin madatsu su riƙa sakin ruwa a lokacin da kifi ke hayayyafa, sarakunan ruwa su tsaya kan hana kamun iyaye da damina da hana taru mai ƙananan idanu, cibiyoyin bincike kuma su keɓe tsantsar irin kowane nau'i daga kowane kogi tun yana samuwa.