Horon Jiki da Cimaka ga Mai Sha'awar Wasanni Iri-Iri

A Jalingo, wadda ta zama babban birnin Jihar Taraba tun da aka cire jihar daga tsohuwar Gongola a shekarar 1991, babu wasan da ya kai ƙwallon ƙafa farin jini. Da la'asar sakaliya filayen makarantu da na unguwanni sukan cika maƙil da samari, kowa burinsa wata rana a gan shi a filin wasa na Jolly Nyame. Wannan abin yabo ne ƙwarai. Sai dai akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare, watau saurayi ya kama wasa guda ya liƙe masa shekara da shekaru, horonsa iri ɗaya, cimarsa iri ɗaya, rani da damina.

Jikin ɗan Adam yana ginuwa ne bisa irin aikin da aka sabar masa. Mai ƙwallon ƙafa yakan sami ƙarfin cinya da dogon numfashi, amma sau da yawa kafaɗunsa da gadon bayansa suna nan yadda suke. Ɗan kokawa kuwa ga ƙirji ga damtse, amma in aka ce ya yi gudun mil biyu sai haki ya kama shi. Har ila yau, gaɓar da ake ɗora wa nauyi iri ɗaya kullum, kamar gwiwa da idon sawu, ita ce ke fara gajiya ta jawo targaɗe. Saboda haka ne masana ke ba da shawarar a riƙa cuɗanya wasanni, musamman ga yaran da ba su gama girma ba. Langa, wadda wasu ke rainawa, tana ƙarfafa idon sawu kuma tana koya wa yaro riƙe jikinsa a kan ƙafa ɗaya, abin da kowane ɗan ƙwallo ke bukata. Iyo yana motsa dukkan jiki ba tare da ya wahalar da gaɓoɓi ba, ko da yake wajibi ne a guji kududdufai da ruwan da ba ya gudu, domin nan ake kwasar tsargiya.

Nijeriya tana da shaidu a kan wannan. Chioma Ajunwa ta buga wa ƙasa ƙwallon ƙafa ta mata kafin ta ci lambar zinariya a dogon tsalle a wasannin Olamfik na Atlanta, Amurka, a shekarar 1996, inda ta tsallake mita 7.12. Hakeem Olajuwon kuma mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa lokacin yarintarsa a Legas, ya yi ƙwallon hannu, sa'an nan ya koma ƙwallon kwando, har ya ci kofin Amurka da ƙungiyar Houston Rockets a 1994 da 1995. Saurin ƙafarsa, wanda ya gagari abokan karawa, daga ƙwallon ƙafa ya samo asali.

Allah ya hore wa Taraba wata baiwa da jihohi kaɗan ke da ita, watau tsaunin Mambila, inda garin Gembu yake, mai tsayin fiye da mita 1,500 daga gaɓar teku. A irin wannan tudu iskar da ake shaƙa ba ta da kauri, don haka jiki yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini domin ya biya bukatarsa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa garin Iten na ƙasar Kenya ya yi suna wajen horon masu gudun dogon zango. Amma wanda ya hau daga Jalingo kada ya ɗauka kwana biyu sun isa; amfanin yana zuwa ne bayan makonni, kuma a kwanakin farko lalle ya sassauta wa kansa.

Maganar cimaka ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Duk wanda ya canza wasa, tilas ya duba kwanonsa. Mai gudu da mai ƙwallo sun fi bukatar abinci mai ba da kuzari, irin su doya, shinkafa, tuwon masara ko na dawa, a ci kamar awa uku kafin a shiga fili. Ɗan kokawa da ɗan dambe da mai ɗaga ƙarfe suna bukatar ƙarin abinci mai gina jiki: wake, gyaɗa, ƙwai, nono, da kifin Binuwai. Ma'aunin da masana ke bayarwa ga ɗan wasa shi ne giram 1.2 zuwa 2 na sinadarin gina jiki a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, kuma ya fi kyau a raba shi cikin abincin safe da na rana da na dare, maimakon a haɗa shi a zama ɗaya. Fura da nono bayan horo ta haɗa duka biyun, ga ta kuwa da araha. Magungunan ƙara ƙarfi da ake tallarsu a kasuwa ba su da gurbi a nan, wasunsu ma suna lahanta ƙoda da hanta.

Shayi, har da na Mambila mai daɗin ƙanshi, yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa daga abinci idan an sha su tare. Gara a jinkirta shi da awa guda, a maye gurbinsa da lemo ko gwaiba, musamman ga 'yan mata masu wasa, waɗanda ƙarancin jini ya fi damu.

Zafin Jalingo a watannin Maris da Afrilu ba ɓoyayye ba ne. Hanya mai sauƙi ita ce ɗan wasa ya hau sikeli kafin horo da bayansa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu daidai yake da kimanin lita ɗaya ta ruwa da ya fita a gumi, sai ya mayar da shi sannu a hankali. A watan azumi kuma, horo mai tsanani ya fi dacewa bayan an sha ruwa.

Ga wanda ba gasa yake nufi ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako ga baligi, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Yara kuwa minti 60 ne a kowace rana.