Ina Ka Kama Wa Shagonka Na Intanet Haya?

Cikin goman ƙarshe na azumin shekarar 2024, jim kaɗan bayan an sha ruwa, yayana ya kira ni a waya muryarsa na rawa. Shi mutum ne mai sayar da shadda da atamfa da leshi a Kantin Kwari, kuma shekaru biyu kafin nan na lallashe shi da ƙyar ya buɗe shafin intanet, domin masu saye daga Legas da Fatakwal da Yamai su riƙa ganin kaya da farashi ba sai sun yi ta kiransa ba. A ranar, wata mai tallar kaya da ke da ɗimbin mabiya a Instagram ta nuna leshinsa, jama'a suka yi caa a kan shafin, shi kuwa shafin ya ce bai san zance ba. Duk wanda ya shiga sai ya tarar da farin allo da ɗan rubutun Turanci.

"Malam, kai ka sa ni cikin wannan abu," in ji shi. "Ga masu saye a ƙofa, an ce shago a kulle. Wa ya kulle shi?"

Yaron da ya gina shafin ya ɗora laifin a kan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da suka katse ranar 14 ga Maris a gaɓar Kwaddibuwa, lamarin da ya jefa ƙasashen Afirka ta Yamma cikin matsala a lokacin. Uzuri ne mai kama hankali, amma ba shi ba ne. Da na matsa aka buɗe akwatin saƙonni, sai ga wasiƙa daga kamfanin da ke ajiye shafin, cewa an dakatar da shi domin ya wuce rabon da aka yanka masa, yana takura wa maƙwabta. Kwana uku shagon ya yi a rufe, a makon da ɗan Kwari ke samun cinikin da ba ya samu a wata biyu.

Tun daga ranar nake son yin wannan rubutu, domin na lura cewa 'yan kasuwarmu, har ma da likitoci masu asibitin kansu da masu makarantu, sukan yi mako guda suna gardama a kan launi da hoton da za a sa a fuskar shafi, amma ba wanda ke tambayar inda shafin zai kwana. Alhali kuwa shafin intanet ba a iska yake ba. Tarin fayiloli ne da ke zaune cikin wata kwamfuta mai ƙarfi da ake kira sabar, wadda ba a kashe ta dare da rana, a wani gini mai sanyi da ke Legas ko Landan ko jihar Bajiniya ta Amurka. Haya kake biya a can, kamar yadda kake biya a kasuwa.

Mafi araha shi ne masaukin tarayya, kuma shi aka kama wa yayana. Kwamfuta ɗaya ce ake cusa wa ɗaruruwan shafuka, kowa na jan ƙarfinta da ƙwaƙwalwarta. Duk wanda ya taɓa zama a gidan haya mai famfo ɗaya da mita ɗaya ya san yadda abin yake: idan maƙwabci ya jona rishon lantarki, kowa sai ya ji a ƙwansa. Ba na kushe shi. Lauya ko akanta da ke son shafi mai ɗauke da sunan ofis da adireshi da bayanin aiki, wanda baƙinsa ba su wuce 'yan ɗaruruwa a mako ba, ɓarnar kuɗi ce ya nemi abin da ya fi wannan. Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar "babu iyaka" da kamfanonin ke rubutawa da manyan baƙaƙe a tallarsu. Iyakar tana nan, an dai tura ta cikin ƙananan sharuɗɗan da ba mai karantawa, inda aka faɗi yawan aikin da shafinka zai iya ɗora wa kwamfutar a lokaci guda. Shafin da ake saye da biya a cikinsa kuwa, kowane baƙo sai ya sa kwamfutar ta binciko kaya da farashi da abin da ya rage a sito. Mutum hamsin a lokaci ɗaya na iya durƙusar da shi.

Mataki na gaba shi ne wanda masu harkar ke kira VPS. Nan ma kwamfuta ɗaya ce, amma an gina katanga a cikinta, an yanka wa kowa sashensa da ƙwaƙwalwarsa da mabuɗinsa, tamkar shago a bene mai mitarsa daban. A ganina nan ne mazaunin yawancin matsakaitan 'yan kasuwa. Sai dai akwai rami a nan da mutane da yawa ke faɗawa. Ana sayar da shi iri biyu: wanda kamfanin ke kula da shi, da wanda za a miƙa maka fanko a ce Allah ya ba da sa'a. Na biyun ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, shi ya sa samari masu gina shafuka ke son sa. Amma sabunta manhaja da toshe kafofin ɓarayi da tayar da kwamfutar idan ta sume ƙarfe biyun dare duk sun koma wuyanka. Idan yaron ya tafi bautar ƙasa ko ya sami aiki a Abuja, wa zai yi? Araha ba ta ado.

Hayar kwamfuta sukutum, wadda ba ka tarayya da kowa, ba zan ɓata wa mai karatu lokaci a kanta ba. Wanda ke buƙatarta yana da ma'aikatan da za su gaya masa.

Sai kuma gajimare, kalmar da ta zama abin ado a bakin kowane mai neman kwangila. Kamfanin Amazon ne ya buɗe wannan kasuwa sosai a 2006, daga baya Google da Microsoft suka biyo sahu. Hikimar ita ce shafinka ba ya dogara da kwamfuta ɗaya, kuma idan baƙi suka yi yawa ana iya ƙara masa ƙarfi nan take, ka biya gwargwadon abin da ka ci. Da a can shafin yayana yake, kuma an tsara shi yadda ya kamata, da bai faɗi ba. To amma lissafin da dala ake yin sa, kuma ba ka sanin adadinsa sai wata ya ƙare. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Bayan da aka saki naira a watan Yunin shekarar, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ke nan hayar dala 20 a wata ta tashi daga naira 9,200 zuwa 30,000 ba tare da an ƙara maka komai ba. Kafin wannan ma, a 2022, bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar baki ɗaya. Na san mutanen da shafukansu suka mutu a lokacin, ba don rashin kuɗi ba, sai don rashin hanyar biya. Kuma gajimaren ma yakan yi duhu: a watan Oktoban 2025 matsala a cibiyar Amazon ta Bajiniya ta tsayar da manyan manhajoji a faɗin duniya na sa'o'i.

Wannan ya kawo mu ga tambayar gida ko waje. Yanzu akwai cibiyoyin ajiyar bayanai na zamani a Legas, kuma tun 2006 aka kafa mahaɗar intanet ta Nijeriya, IXPN, wadda ke sa saƙo tsakanin kamfanonin cikin gida ya wuce kai tsaye ba sai ya zaga ta Turai ba. Idan masu sayenka a nan suke, masaukin gida na da fa'idar biya da naira da kuma samun wanda za ka kira ya ji yarenka. Amma a tambaya da kyau, domin kamfanoni da yawa masu suna irin namu dillalai ne kawai, kwamfutocin suna ƙetare. Ba laifi ba ne, amma haƙƙinka ne ka sani, musamman da yake Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai karɓar sunaye da lambobin wayar jama'a alhakin inda suka kwana.

Za a nuna maka alƙawarin cewa shafin zai kasance a buɗe kashi 99.9 cikin ɗari. Ka yi lissafi da kanka: ragowar na nufin kusan sa'o'i 9 a shekara. Idan 99 aka rubuta, ya zama fiye da kwana uku da rabi. Diyyar da akan bayar kuwa ragin kuɗin haya ne, ba cinikin da ka rasa ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba faɗuwar kwana uku ba ce. Ranar 10 ga Maris, 2021, gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Sitirasbog na Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke. Wasu sun dawo cikin kwanaki. Wasu kuwa sun rasa komai har abada, domin kwafin ajiyarsu ma a wurin yake, ya ƙone tare da na asalin. Wannan fa ɗaya ne daga cikin manyan kamfanonin Turai. Da na tambayi yaronmu ina kwafin shafin yayana yake, sai ya ce kamfani na yi. Ina suke ajiyewa? Bai sani ba. Ya taɓa gwada dawo da shi? Sai ya sosa ƙeya.

A cikin wannan bincike ne kuma na gano abin da ya sa na kasa barci. Sunan adireshin shafin, wanda aka buga a jikin ledoji dubbai da allon shago da katunan kasuwanci, da sunan yaron aka yi masa rajista, da imel ɗinsa. Bai yi da mugun nufi ba, sauƙi ya nema. Amma da sun ɓata da Alhaji, ko da ta Allah ta kasance, shi ke nan. Masauki ana sauya shi cikin yini guda. Suna kuwa idan ya kuɓuce, sai dai shari'a ko roƙo.

Bayan Sallah muka zauna mu uku a bayan shago. Aka mayar da rajistar sunan ga kamfanin yayana, aka ƙara kama wani mai ƙarewa da .ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi kuma ake biya da naira. Muka koma VPS mai kulawar kamfani, a kan kuɗin da bai kai ribar turmi biyu na shadda a wata ba. Duk ranar Juma'a kwafin shafin na sauka a wani wuri dabam, ni kuma duk bayan wata uku nakan sa yaron ya tayar da shi a gabana in gani da idona.

Yayana har yanzu bai san ma'anar VPS ba, kuma ya ce ba ya son sani. Amma da watan Sha'aban ya tsaya a shekarar da ta biyo, shi ya fara kirana. "Malam," ya ce, "a gaya wa mutanen nan su ƙara mana wuri kafin azumi."